Sai Ruwa Ya Ɗauke

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mace ce mai tsoron faɗin abin da ba daidai ba, ko da ranar kasuwa aka tambaye ni sai na sake tunani kafin in amsa. Sau da yawa na fara sai in bari, in ce wa zai damu da labarin tsofaffi biyu da ruwan sama. Abin da ya sa na daure shi ne ina da tambaya, kuma waɗanda na sani sun kasa ba ni amsar da hankalina zai kwanta da ita. Amma ba za a gane tambayar ba sai an ji yadda aka yi.

A Salaga aka haife ni. Aure ya kai ni Yendi, inda nake sayar da atamfa da mayafai a kasuwa. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana nan Salaga a gidan da ta haife mu. Wana kuma yana Bawku yana fataucin albasa da gero. Mma tana da ƙanwa guda ɗaya da ta rage mata a duniya, muna kiranta Inna. Tun tana yarinya mijinta ya tafi da ita Sekondi, can bakin teku, ta zauna a zangon garin, unguwar Hausawa, tana sayar da koko da ƙosai har ta tsufa. Da can takan zo gida in an yi biki ko rasuwa. Da ƙafa ta yi nauyi sai zuwan ya tsaya. Ba na iya tuna shekarar zuwanta na ƙarshe, na dai san 'yata ta fari tana bayana a lokacin, yanzu kuwa ita ma tana da goyo.

Suna magana ta waya, amma Mma ba ta taɓa ɗaukar waya a matsayin wurin hira ba. In an miƙa mata sai ta ɗaga murya kamar Inna tana tsallaken rafi, ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi gajiya da ruwa, ta sa albarka, ta miƙo mini abata. Takan ce waya ta gaisuwa ce, hira kuwa sai a kan tabarma. Kuma tana da hira da ta tara wa Inna. Maganar mahaifiyarsu ce, da tsohon gidansu da ya rushe, da rijiyar bayan gidan, da wanda aka binne a ina. A duk Salaga babu sauran wanda za ta ce masa “ka tuna?” ya ce ya tuna. In ta ba mu labarin muna saurare, amma ba ma iya yi mata gyara, ita kuwa mai gyara take nema.

A watan shida na bara na je Salaga duba ta, sai ta ce mini ta yanke shawara, za ta je Sekondi tun tana iya hawa mota. Na kira Inna nan take. Ta cikin wayar muna jin ruwa yana dukan kwanon ɗakinta har maganarta ba ta fita sosai. Ta yi murna, ta yi ta godiya, sannan ta ce:

“Yaya, kada ki taso yanzu. Ruwa ya yi yawa, har cikin ɗaki yake shiga. Ki bari ya ɗauke, sai ki zo mu zauna.”

Mma ta ce to, sai ruwa ya ɗauke. Ni ma na ce to. Babu wadda ta tambayi wane wata ke nan, domin a wurinmu wannan ba abin tambaya ba ne. Yaron Salaga ma ya san lokacin da ruwa ke ɗaukewa. Sai an ci sabuwar doya, an sha ruwan watan tara mai ƙarfi, ciyawa ta fara ja, wato ƙarshen watan goma ko a shiga na sha ɗaya. A watan shida kuwa damina tana fara zama ne. Muka lissafa a zuci muka ga da sauran lokaci mai tsawo.

Na kira wana a Bawku na gaya masa. Ya ce su a can ruwa yana rigan namu ɗaukewa, in muka bi nasu za mu iya tashi da wuri. Na ce ai ba daga Bawku za mu tashi ba, daga Salaga ne, kuma sai mun tsallaka tafki a Makango kafin mu kai Yeji, tafkin da yake cika da damina, iska tana kaɗa shi. Na fara jera masa abubuwan da za su iya faruwa da tsohuwa a kan ruwa. Ya yi dariya ya ce ni dai ko gidan sarauta aka ba ni kyauta sai na tambaya ko akwai sauro. Ya ce in zaɓi lokacin da raina ya kwanta da shi, shi zai aiko da tsaraba. Tsakanin ɗaukewar ruwan Bawku da ta Yendi da ta Salaga, na zaɓi wadda ta fi jinkiri. Haka nake yi a komai.

Tafiya da saura, amma ni na fara haɗa kaya tun satin da na koma Yendi. Ban taɓa zuwa bakin teku ba, iyakata Kumasi, shi ma sau ɗaya wajen saro kaya. Duk wadda ta zo rumfata na san ta taɓa zama kudu sai na tsare ta da tambaya. Na tambayi sauro, na tambayi ruwan sha, na tambayi ko ana samun tuwo ko sai dokunu, tuwonsu na masara mai tsami, domin cikin Mma ba ya son tsami. Na tambayi ko gaskiya ne iskar teku tana cin ƙarfe. Wata ta ce wanki ba ya bushewa a can, sai na ƙara zannuwa. Wata ta ce takalmin fata yana yin fumfuna, sai na cire na fata na sa na roba. Tambaya ɗaya ce ban yi wa kowa ba, ita ce yaushe ruwa ke ɗaukewa a can. Ban ga dalilin yinta ba. A ganina sama ɗaya ce, damina ɗaya ce, in ta zo ta zo wa kowa.

Wana ya aiko da albasa da gero tun da wuri, shi da ba ya jira. Na sayi daddawa da man kaɗe da kuka da busasshiyar kuɓewa, abubuwan da Inna ta taɓa cewa tana marmari. Albasar ta zauna a lungun ɗakina har ta fara tsiro, na raba wa maƙwabta. Kukar ta sha danshi ta dunƙule, na zubar na sayi wata. Jakar tana nan a bayan ƙofa, in buɗe in rufe, in fitar da abu in mayar. Maigidana ya ce jakar nan ta fi shi ganin fuskata.

A watan takwas na sake zuwa Salaga. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, hanya duk taɓo. A wannan zuwan Inna ta kira fiye da yadda ta saba. Kowane kira, bayan an gaisa, sai ta ce, “Yaya ruwa?” Mma kuma ta amsa yadda kowa yake amsawa tun kakanni, “Ruwa ya yi gyara.” Sai Inna ta ce to madalla. Wata rana ta ƙara da cewa su kam a can sai sanyi, kuma ɗaki yana nan a share.

Na riƙe maganar sanyin nan. A wurinmu in an ce sanyi a watan takwas, sanyin ruwa ake nufi, na ƙasa mai laima da bango mai danshi. Na ce wa Mma kin ji ko, su ma ruwan bai bar su ba. Da na koma Yendi na sayi bargo mai nauyi, da rigar sanyi, da safa saboda gwiwoyin Mma, na cusa su a jaka har zif ya ƙi rufuwa. Maganar ɗaki a share kuwa mun ɗauke ta irin maganar da mai gida yake yi wa baƙo don ya ji daɗi.

Watan goma bai yi nisa ba 'yar Inna ta kira ni. Ita ce take zaune da ita. Ta ce Inna ta faɗi da safe tana dama koko, an kai ta asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tsaya. Ta ce tana da rai, tana gane mutane. Ban jira komai ba. Na ɗauki jakar yadda take na nufi Salaga, washegari muka kama hanyar Makango.

Ruwa bai ɗauke ba ranar da muka tsallaka. Hadari yana nan, tafki ya cika har ya ci gindin itatuwa. Jirgin fiton ya ɗauki motoci da buhunan doya da mata masu kwandunan kifi, ya tafi a hankali, ko girgiza ta kirki bai yi ba. Mma ta zauna a kan benci tana jan carbi, har ta sayi dafaffen ƙwai ta ci. Ni kuwa ina kallon ruwan nan da na yi watanni ina jin tsoronsa, na ga yara 'yan makaranta suna tsallaka shi suna wasa da juna. Daga Yeji muka shiga motar Kumasi, muka huta a gidan wata 'yar uwar maigidana, sannan muka ƙarasa.

Sekondi ta tarbe mu da yayyafi da zafi tare, abin da ban taɓa gani ba. Ruwa yana sauka, gumi yana tsiyaya. Iskar tana da nauyi, tana manne wa fata, ga ƙarnin kifi da hayaƙin banda ko'ina. An riga an sallamo Inna, tana kwance a kan katifa a ƙasa. Mma ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallonta, sannan ta cire takalmi ta shiga ta zauna, ta kama hannun hagun, mai motsi. Ta ce, “Auta, ga ni na zo.” Inna ta buɗe baki, sauti ya fito amma ba kalma. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace. Na fita na ba su wuri.

A ɗaya ɗakin na fara kwance kaya, 'yar Inna tana taya ni. Man kaɗen ya narke ya jiƙa zannuwa biyu. Da ta ciro bargon da rigar sanyin sai ta ɗaga su sama, duk da halin da ake ciki dariya ta kuɓuce mata.

“Sista, wannan fa? Ko cikin firij aka ce muku za ku kwana?”

Na ce ai Inna ce ta ce ana sanyi. Sai dariyar ta tsaya. Ta ninke bargon ta ajiye a gefe.

“Sanyin watan takwas ke nan,” in ji ta. “Ya wuce tuni. Lokacin muka yi ta jiran ku.”

Na ce wane jira, ai Inna cewa ta yi sai ruwa ya ɗauke. Ta ce ai ya ɗauke. Ta zauna ta yi mini bayani kamar yadda ake yi wa yaro. Su a bakin teku damina biyu gare su. Babbar tana yin ƙarfi a watan biyar da na shida, ita ce wadda muka ji tana dukan kwano. Cikin watan bakwai sai ta sassauta ta tsaya. Watan takwas sama takan rufe kamar za a yi ruwa amma ba a yi, iska mai sanyi tana tasowa daga teku, ba gumi, kifi ya yi yawa, tsofaffi suna jin daɗin jikinsu. Daga nan sai ƙaramar damina ta biyo baya, ita ce wannan da muka tarar. Wato lokacin da muke zaune a Salaga ruwa yana zuba muna cewa da saura, a nan ƙasa a bushe take.

Ta ce tun ƙarshen watan bakwai Inna ta sa aka fitar da kayan ɗakin nan aka share, ta sayi sabuwar tabarma, ta hana jikoki hawa. In ta tambaya yaya ruwa, ba gaisuwa take yi ba, so take ta ji ko hanya ta buɗe mana. In Mma ta ce ya yi gyara, sai ta ajiye waya ta ce to, suna ciki tukuna. 'Yar ta ce ta sha gaya mata ta faɗa a fili, ta ce ku taso yanzu. Inna ta ce ƙanwa ba ta kiran yayarta kamar mai kiran yaro, ta faɗa sau ɗaya, ya isa.

Har yau ban sani ba ko shekarun da Inna ta yi a can ne suka sa ta manta cewa daminarmu ɗaya ce mai tsawo, ko kuwa ta tuna amma ta zaci mun san tasu. Na sha kwana da wannan tunani. Mu duka Hausa ɗaya muke yi, kalma ɗaya muka faɗa, kowa ya ce to, kuma tsakanin abin da ta nufa da abin da muka ji akwai kusan wata uku.

Ban gaya wa Mma ba a ranar. Da na gaya mata daga baya, ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗora wa kowa ba. Ta ce Allah bai nufa ba. Can kuma ta ce, da ta sani da ta amsa gaisuwar nan da wata magana.

Mun yi kusan wata guda a can. Kullum da hantsi, in an goge wa Inna jiki an jingina ta da bango, Mma takan shimfiɗa sabuwar tabarmar ta zauna ta fara hirar da ta kawo. Ita kaɗai take magana. Ta ba da labarin mahaifiyarsu da yadda take dafa wasa-wasa, da ranar da akuyarsu ta faɗa rijiya aka ciro ta da igiyar guga. In ta zo wurin da ta manta, sai ta juya da saurinta ta ce, wace ce ma matar nan mai sayar da kanwa, sannan ta tuna Inna ba ta iya amsawa. Idon Inna yana nuna ta san amsar. Leɓenta yana motsi, abin ya ƙi fita.

Wata rana Mma ta ce bishiyar da ke bakin rijiyar tsamiya ce. Sai Inna ta bugi katifa da hannun hagu. Mma ta ce tsamiya ce mana. Inna ta sake bugawa, da ƙarfi. Mma ta fara jerowa, kuka ce, ɗorawa ce, mangwaro ne, kowanne hannu yana bugawa, har ta ce ɗinya, sai hannun ya kwanta. Mma ta kalle ta ta ce, “Ke dai har yanzu ba ki bar gardama ba.” Gefen bakin Inna mai lafiya ya ɗaga. Wannan ce gyara guda ɗaya da na ga Mma ta samu a duk zamanmu, kuma ta yi kwanaki tana maimaita ta. Ina zaune a bakin ƙofa ina tunanin irin gyaran da za ta sha da a watan takwas ne, su biyu a kan tabarmar nan, da koko a gabansu.

Cikin kayan da na yi watanni ina haɗawa, abin da ya yi amfani kaɗan ne. Laimar tare ruwa ta yi, takalman roba sun yi, da zannuwa marasa nauyi. Mafici sai a can na saya, shi da ya fi komai amfani. Wanki kuwa gaskiya aka gaya mini, sai ya kwana biyu a igiya yana da danshi. Bargon na bar wa 'yar Inna. Ta kai ni bakin teku sau ɗaya kafin mu taho. Na tsaya nesa, na ga ruwa yana tasowa yana komawa, da kwalekwale masu tutoci jere a kan yashi. Mma ta ce ba za ta je ba, ba shi ta zo gani ba.

Yanzu muna cikin bazara. Inna tana nan da rai, an ce kalmomi kaɗan sun fara dawowa, tana iya cewa to, tana iya cewa a'a, tana kiran sunan 'yarta. 'Yar ta lura cewa in ana zafi sai ta yini tana gyangyaɗi, ba ta ko ƙoƙarin magana, in gari ya yi sanyi kuwa idonta yana buɗewa, harshen yana ɗan saki. Mma ta ji haka ta ce za ta koma. Ƙarfinta ya ragu daga bara zuwa bana, ba na jin za ta iya wannan hanya fiye da sau ɗaya nan gaba. Saboda haka ba na so mu isa da wuri mu tarar da ruwa yana shiga ɗaki, ba na so kuma mu isa sanyin ya wuce.

Na tambayi 'yar Inna ta ce mu zo kowane lokaci, gida namu ne. Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, amma irin wannan amsa ba ta yi mini yanzu. Wana ya ce mu tashi farkon watan takwas kawai mu daina wahalar da mutane. Wani direban da ke zuwa Takoradi, maƙwabciyar Sekondi, kuma ya ce mini yanayi ya canza, wasu shekarun babbar damina tana jan ƙafa, wasu shekarun sanyin ba ya daɗewa.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, in yana zaune a Sekondi ko Takoradi ko wani gari na bakin teku kusa da su, ko ya daɗe a can, ya taimake ni da abin da ya gani da idonsa a 'yan shekarun nan. A wane sati ne babbar damina take tsayawa, kuma sanyin yakan kai ƙarshen watan takwas ko yana shiga na tara? Sanyin nan yana taɓa gwiwar tsohuwa har a nemi rigar sanyi da safa, ko mayafi mai kauri ya isa? Wanda kuma ya bi ta Makango da tsoho a tsakiyar daminarmu, ya gaya mini ko gara a zagaya ta Tamale. In za ku amsa, don Allah ku faɗi sunan watan da kuke nufi.